Yaron da Ke Farkawa In An Kashe Inji

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya aikin asibiti, ya jama'arku masu ciwon kunne?

Kin manta da mu, to ɗanki ya yi ɓul-ɓul, har ya fara zama. Babansa ya laƙaba masa Malam Shiru. Kin san ɗakinmu bango ɗaya ne da shagon niƙa. In maigida ya tayar da inji har kwanuka rawa suke yi, amma bawan Allahn nan yana kan tabarmarsa yana sharar barci. Masu kawo niƙa leƙowa suke yi su ga ikon Allah. Maƙwabciyarmu ta ce mu yi musaya, ta ba ni nata mai tsanyara. Na ce a'a, kyan ɗa ya gaji ubansa, ɗan mai inji ba ya tsoron ƙara.

Ki gaida mutanen gidan.
Autarku

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso. Na fara dariya, daga baya na tuna wani abu.

Ranar da kika haihu na ce a gwada jinsa kafin a sallame ku, kika ce layi ya yi tsawo. Ki kawo shi yanzu. Gwajin babu zafi, yana barci za a sa masa ɗan abu a kunne, na'ura ta karanta. In an sami matsala, akwai abin ƙara ji na jarirai, akwai wanda ake dasawa da tiyata. Masu bincike ma sun fara gwada magani ga wani nau'in kurumtar gado, sai dai wannan gwaji ne tukuna, ban yi miki alkawari ba. Abin da bincike ya yi ta nunawa shi ne, yaron da aka taimaka wa da wuri ya fi saurin kama magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ki gaida maigidan naki.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa, ko da yake ban so amsawa ba.

Ke tunda kika shiga asibitin nan kowa kurma ne a wurinki. Haka ake yi wa ɗa baki? Yarona yana ji, ga kuma hujja: da an kashe inji yake buɗe ido, kullum, ko wuta aka ɗauke ba shiri. Maigida ya ce in tambaye ki, ta ina kurma zai san an kashe inji? Ransa ya ɓaci, ya ce dangina sun sa wa ɗansa ido. Ni kuma kin cuce ni da takardar nan taki.

Sai wani jiƙon.
Auta

Autata,

Ina gaishe ki. Ki yi fushin, na ɗauka, in dai za ki yi mini abu ɗaya.

Tabarmarsa a ƙasa take, injin kuwa girgiza ƙasar yake yi. Jiki yana jin girgiza ko da kunne bai ji komai ba, shi ya sa in ta tsaya yake farkawa. Ki goya shi ki tsallaka titi, inda ƙarar ke kaiwa amma ƙasa ba ta motsi. In ya yi barci, a kashe injin. Allah ya sa ni ce zan ji kunya.

Yayarki mai ƙaunarki

Yaya,

Ina wuni.

Mun yi. Na tsaya a inuwar bishiyar tsallake, maigida ya kashe, ya kunna, ya sake kashewa, har masu niƙa suka fara gunaguni. Yaron bai motsa ba. Sai babansa ya tsallako, gemu fari fat da gari, ya tsaya daf da kunnensa ya tafa hannu da ƙarfi. Ni ce na zabura. Ya koma shago, bai sake tayar da injin ba ranar.

Ki gaya wa likita muna tafe. Tsoro nake ji, Yaya. Waƙar nan da nake rera masa tun yana ciki, in ci gaba ko in daina?

Ki yafe mini.
Autarki