Kada Ki Miƙa wa Alƙaliya Hanta

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar nan taki? Kin ce ta yi sauƙi, amma na san halinki, ko tana zogi ba za ki zauna wuri ɗaya ba. Allah Ya ƙara afuwa. Mu nan kowa lafiya lau. Har yanzu ina rumfata ta bakin ƙofar kasuwa, ina yanka ina aunawa, masu saye suna mitar ƙashi ya fi tsoka yawa kamar ni na kiwata saniyar.

Saƙonki ya iso cewa a turo miki 'yar autarmu ta yi hutun makaranta a wurinki. Mun amince, ita kuwa tun ranar take cusa kaya a jaka tana fitarwa. Sai dai rabonki da ita tun tana goye, kuma abin da kika sani game da lalurarta guntu-guntu ne ta waya. Shi ya sa na zauna na rubuta miki a tsanake.

Likitoci suna kiran abin PKU. Gado ne, ni da mamanta duk muna ɗauke da shi ba mu sani ba. Jikinta ba ya iya sarrafa wani sinadari da ke cikin nama, kifi, ƙwai, madara, wake da gyaɗa. Idan ta ci, sai ya taru a jini ya riƙa taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi ba ni tsoro, Yaya, shi ne ba ya nuna kansa. Ba amai, ba ƙuraje, ba zazzaɓi. Za ki ba ta tsoka ɗaya ta cinye tana dariya, ki ce ai ga shi babu abin da ya faru. Ɓarnar a hankali take, sai an ga yarinya ta daina riƙe karatu, kuma abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba. Ki duba ikon Allah: 'yar mahauci guda, ba ta san ɗanɗanon nama ba. Ni kuwa kullum sai na wanke hannu na canza riga kafin in ɗauke ta, don kada ƙamshin ya tsokane ta.

Abincinta kayan lambu ne da 'ya'yan itace, sai shinkafa ko dankali da ake aunawa a ɗan ƙaramin sikeli, da wani garin asibiti da ake dama mata kullum, wanda shi ke gina mata jiki a madadin nama. Ba ta son warinsa, takan toshe hanci ta shanye. Amma fa ta iya abinta. Mun laƙaba mata Alƙaliya, domin ba a ajiye kwano a gabanta ba tare da ta yi masa shari'a ba: me aka zuba, da wane cokali aka juya. Kwanaki matar da ke sayar da abinci kusa da rumfata ta miƙa mata dafaffen ƙwai, ta durƙusa ta yi godiya, ta ce a ba Baba shi ya fi ta bukata. Kasuwa ta ɗauki dariya, ni kuma na cinye ƙwan.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya suna ninke kaya da mamanta, sai ta ce ita kowa za ta iya ce masa a'a, amma ban da Gwaggo. Mamanta ta tambaye ta dalili. Ta ce ai Baba ya sha ba su labarin yadda kika riƙe ni bayan rasuwar Inna, kike tsame hanta daga kwanonki ki sa min a baki, kike cewa yaron kirki ba ya mayar da hannun babba. Ta ce idan kin ba ta za ta ci 'yar kaɗan kada ranki ya ɓaci, daga baya ta ƙara shan garin asibiti ya wanke. Garin ba ya wanke komai, Yaya. Da mamanta ta faɗa min, ƙwalla ce ta cika min ido.

Na san ki, ƙaunarki a tukunya take. Idan kina son mutum sai kin ga maiƙo a bakinsa hankalinki ke kwanciya. Don Allah wannan karon ki so ta ta wata hanyar. Kada ki miƙa mata, ko da wasa, ko ki ce ɗanɗana kawai. Ki ja kunnen yara da maƙwabta su ma. Mamanta za ta haɗo garin da sikelin, kuma za ta yi miki bayani ta waya har ki gamsu. Tana son mangwaro, tana son a soya mata kabeji da karas da albasa. Ki dafa mata wannan da hannunki, za ki ga yadda za ta suɗe kwanon.

Ki gaida maigidanki, da Babban Yaya idan ya leƙo, da tagwayenki masu ƙiriniya. Mamanta da yayyenta suna gaishe ki da kyau. Alƙaliya ta ce in faɗa miki ta iya kitso yanzu, ki tanadi kanki.

Hantar da za ki so ba ta kuwa, ki ajiye min. Ni zan zo ɗaukarta ƙarshen hutu, kuma har yau ban koyi mayar da hannunki ba.

Naki har kullum,
ƙaninki da kika rena.