Layi na Biyar a Takardar Dangi

Ƙofar Dumi, Bauchi
Litinin

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan gwiwar nan ta yi sauƙi. Yaya Khairat da jego, yaya jaririya? Na rubuto ne don a waya rabin maganata ba ta isa kunnenki. Khairat ta karanta miki a hankali, ban da tsallake.

Baffa Mijinyawa ya ba ni aiki. Yana so a buga sunayen dangi a manna a zaure ranar taron zumunci, kwana uku bayan Sallah. Kin san Baba, Allah ya jiƙansa, ya shigar da su kwamfutarsa bayan ya yi ritaya, mutum ɗari biyu da sha ɗaya. Sai dai irin rubutun tafireta ya yi: sunan mutum, na uba, na uwa da unguwa, duk a cushe cikin akwati ɗaya, waƙafi ne kawai a tsakani. Baffa kuwa so yake kowanne ya sami layinsa na tsaye, a jera mutane gida-gida. Wannan ba komai ba ne, kullum ina yi a ofis. Kwamfutar zan sa ta raba a duk inda ta ga waƙafi.

Abin da ya dame ni daban ne. Baffa ya ce in cire sunan Yaya Irmiya, wai takardar ta jini ce, shi kuwa ɗan marigayi Elisha ne, abokin aikin Baba. Haba Inna! Mutumin da kika raina tun yana ɗan shekara bakwai, wanda Baba ke kaiwa coci da kansa duk Lahadi, wanda ya yi wata huɗu yana jinyar Baba a asibiti. Ban yi wa Baffa musu ba, amma raina ya ɓaci sosai. Yaya bai san zancen ba. Matarsa Patience har ta ce ita ce da wainar taro.

A gaida mai gidan Khairat.

'Yarki,
Zubaida

Alhamis

Innata,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Sallah ta matso, kowa lafiya a nan, sai ragon maƙwabcinmu Mansir da ya cinye mini shukar zogale.

Jiya na zauna aikin. Kusa da sunayen akwai layin lambobin waya da Baba ya tara, kuma in ba a buɗe fili ba, rabon sai ya hau kansu ya shafe su. Abu huɗu ne a kowane akwati, don haka na buɗe layi uku babu komai, na danna. Sai kwamfuta ta tsaya, wai akwai rubutu a gaba, ko ta shafe? Na ce a'a. Na sake ƙirgawa, huɗu ne dai. Na sake dannawa, ta maimaita tambayar. Har na fara yi mata faɗa, sannan na gane laifin ba nata ba ne: wani akwatin yana da abu biyar. Na ƙara layi ɗaya, ta raba lafiya lau.

Na bi layin na biyar daga sama zuwa ƙasa, fari fat, sai wuri ɗaya. Irmiya, Elisha, Jemima, Ƙofar Dumi, sannan a gaba Baba ya rubuta: ɗana ne. Akwatin ya yi ƙanƙanta, lambobin waya sun rufe ƙarshensa, shi ya sa babu wanda ya taɓa gani.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka. Har da ɗan kishi, don na duba gaban sunana ban ga komai ba. Daga baya na ga ni ba wanda zai ce a cire ni, shi ya sa.

Ban cire komai ba. Na buga yadda ya fito, layi biyar, zan kai wa Baffa da hannuna. Ki taya ni da addu'a, kin san halinsa.

Taki,
Zubaida

Laraba

Innata,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan naman da na ba direba ya iso bai lalace ba.

Da na kai takardar, Baffa ya ce ni na ƙara "ɗana ne" ɗin. Na ɗauko kwamfutar Baba na buɗe masa asalin rubutun, na faɗaɗa akwatin. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Daga nan ya ce shi ba zai goge abin da yayansa ya rubuta ba, a manna. Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba.

An yi taro jiya, wainar Patience ko guda ba ta rage ba. Yaya Irmiya ya tsaya gaban takardar yana neman sunan 'yarsa Fortune, sai ya ga nasa. Ina kallonsa daga bakin ƙofa. Ya ɗora yatsa a wurin, ya tsaya har mutane suka fara kewaye shi suna wucewa.

Da aka watse ya same ni a tsakar gida. Na ce zan buga masa shafin da kyau, da layuka da komai. Ya ce ba ya son rababben, in mayar masa da shi a haɗe, yadda Baba ya rubuta. Na buga masa layin ɗaya tak a farar takarda. Ya naɗe, ya sa a aljihun gaba.

Ya ce in gaya miki shi zai zo ɗaukar ki ranar Asabar, kada ki shiga motar haya, ki jira ɗanki.

'Yarki mai kewarki,
Zubaida