Kalmar da Ba Zan Koya Ba

Zuwa ga Mansura, sanyin idona, farin watan da ke wanka a ruwan Rima, ɗanyar shinkafar fadamata!

Assalamu alaikum. Tun da na dawo Argungu muryarki ta ƙi barin kunnena. Kin tuna ranar nan a zauren gidanku na Birnin Kebbi, kina riƙe da waya kina bitar Sifaniyanci, darasin yadda ake hana mutum abu? Ni kika samu na gwaji! No hables, kada ka yi magana, na yi tsit. No comas, kada ka ci, kika janye farantin masa ina tsakiyar loma. Haba, Mansura, wannan ai zalunci ne! Amma da kika zo kan no llores, kada ka yi kuka, sai muryarki ta karye. Idonki ne ya cika, ba nawa ba.

Na san abin da ke cin ranki. Babanki ya ce tunda an yi mana baiko, babu ke babu zuwa Sifen karatun noman shinkafa sai da yardata. Abokaina kuwa sun ishe ni, wai in ce miki kada ki tafi, ƙasar Turawa haɗiye mutum take yi.

To kwantar da hankalinki, zumata. Wannan kalma ba zan koye ta ba, ko da Hausa ko da yarensu. Ni fa manomi ne! Da hannuna nake tumɓuke irin shinkafa daga inda ya tsiro in kai shi wani fage in dasa, don can zai yi zangarniya. Zai yi mini ciwo? Wallahi zai yi! Wa zai riƙa yi mini tsiya idan hulata ta karkace? Wa zan kawo wa kifin farko idan ruwa ya janye? Zan yi kewarki har abinci ya fita raina, amma ba na shakkar dawowarki ko kaɗan.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, kawuna Sunusi zai je wurin Babanki da amsata: na yarda. Ki fara haɗa kaya.

Guda ɗaya kawai na riƙe daga darasinki, ina ta maimaita ta a gona har tsuntsaye sun haddace. No me olvides, kada ki manta da ni. Kuma ba roƙo nake yi ba, umarni ne. Ke kika koya mini yadda ake ba da shi.

Naki rani da damina, har ranar da numfashi zai ƙare,
Abdussamadu