Bindigar Baba da Romon Gada

Litinin, 1 ga Maris, 2004

Yau ma Baba bai ci komai ba. Kwana huɗu ke nan, daga ruwa sai kunu cokali biyu. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye da damina bai taɓa yi mana haka ba. Matata Kubra ta dafa masa kaza, ya kau da kai. Da na matsa masa sai ya ce, da harshen nan nasa da ya yi nauyi, "Gada." Romon gada yake so. Na ce zan aika Kano a nemo. Ya girgiza kai, ya nuna bindigarsa da ke rataye a bango.

Baffa Sada, ƙaninsa da suka shekara arba'in suna farauta tare, ya ja ni zaure. "Ba naman ne damuwarsa ba, Amiru. So yake ya ga bindigar nan ta shiga daji a hannun ɗansa, kuma kai kaɗai ne namiji." Ni da nake aikin ɗakin shan magani a Bunkure, ko kaza maƙwabci ke yanka mana. Na dai ce to.

Laraba, 3 ga Maris

Baffa ya zazzage kayan Baba a tabarma, wai ya nuna min abin da sabon maharbi ba ya fita sai da shi. Bindigar toka. Ƙahon albarushi. Dalma a ƙullin tsumma. Adda, wuƙar yanka, goran ruwa, takalmin taya. Sai warki, fatar da ake ɗaurawa a ƙugu, ta bushe ta sandare. Sai burgami, jakar fatar akuya, ita ce ta fi komai. Da ya buɗe bakinta kyankyasai uku suka fito. Jinin shekara da shekaru ya daskare a ciki ya yi baƙi, da gashi manne. Sai da na fita tsakar gida na sha iska.

Na ce bari in wanke ta da omo. Ya zaro min ido. "Ka wanke, gada ta jiyo ka tun daga Kadawa." Ya hana ni sabulu mai ƙanshi da turare har sai mun dawo. Rigar saƙin Baba kuma za a turara ta da hayaƙin kashin shanu.

Layun da ke jikin rigar na ce ban sa su. Mun yi musu sosai, ya haƙura, ya farke su ya zuba a aljihu.

Alhamis, 4 ga Maris

Kubra ta ce, "Baban Ummi, don Allah kayan nan su kwana a zaure." Ban ga laifinta ba.

Juma'a, 5 ga Maris

Bayan masallaci Baffa ya kai ni bayan gonakin albasa, can ƙarshen magudanar ruwa, in koyi ɗura bindiga. A zuba albarushi, a tura tsumma, a sa dalma, a danna da sandar ƙarfe. Ya jingina tsohon kwando a tudu. Na ja kunamar bindigar. Hayaƙi ya cika min baki, kafaɗata kamar an sa taɓarya. Kwandon na nan lafiya lau. Masu ban ruwa suka bar aiki suna dariya, wani ya ɗaga murya, "Likita, allura ta fi sauƙi ko?"

Harbi shida, na samu ɗaya. Har yanzu kunnena na dama yana ƙugi.

Asabar, 6 ga Maris

Mu goma sha bakwai da karnuka tara a bayan a-kori-kura guda, muka nufi dajin da ke kudu da Tiga. Wani kare ya yi min amai a ƙafa. Mai shi ko sannu. Gora ɗaya ake zagayawa da shi, kowa ya kafa baki, har da mai tarin da ni na san irinsa.

Na ƙi takalmin taya, na sa kambas ɗina. Kafin hantsi ƙaya ta huda shi ta shige min tafin ƙafa. Baffa ya cire ta da bakin wuƙar da ake fiɗa da ita, ya tofa yawun taba a wurin. Ni! Ni da nake yi wa mata faɗa kan tafasa reza.

Ba mu ga gada ba. Zomaye huɗu da zabi, sai wata gafiya da aka babbake da hanjinta aka ci a tsaye. Na ce azumi nake.

Lahadi, 7 ga Maris

Na yi wa kaina allurar sandarewar wuya. Baba ya dubi hannuna, ya ga ba komai, ya juya fuska bango. Ya rame har zoben azurfarsa ya zame daga yatsa.

Laraba, 10 ga Maris

Ƙafa ta yi sauƙi. Na gwada takalmin taya. Muni kamar me, amma na taka ƙaya da gangan ban ji ba.

Hawwa, abokiyar aikina, ta tambaye ni ko ɓera ya mutu a ɗakin magani. Ban gaya mata cewa warin daga jikina yake ba.

Asabar, 13 ga Maris

Zan rubuta yadda ya faru don kada in ƙara tuna shi.

Wannan karon ni da Baffa kaɗai, a babur ɗinsa. Ya ce taron nan hayaniya ce kawai. Ya ɗebi toka ya saki ya ga inda iska ta nufa, ya zaunar da ni a gindin wata bishiyar kalgo kusa da busasshen rafi, inda akwai ɗan ruwa a rami. Ya ce kada in motsa ko kunama ce ta hau ni. Awa biyu ƙudaje na shiga min hanci, warki na cizon cinyata.

Sai ga gada. Ashe ƙarama ce, ba ta kai akuya ba. Toka-toka, da ɗan baƙi a goshi. Tana taku ɗaya ta tsaya, kunnuwa na juyawa. Baffa ya taɓa min gwiwa. Na harba.

A cinya na same ta. Ta faɗi tana jan jiki, tana wani irin kuka, wallahi kamar na jariri in ana yi masa rigakafi. Na tsaya cak. Baffa ya cusa min wuƙa. "Yi sauri ka yanka kafin ta zama mushe! Kai ka harba, kai za ka sauwaƙe mata." Na durƙusa, na danne ta da gwiwa. Jikinta zafi, zuciyarta na bugun tafin hannuna. Na yi bisimilla na yanka. Jini ya feso min har wuya.

Na koma gefe na amayar da duk abin da ke cikina. Baffa bai yi dariya ba. Ya miƙo min gora, ya feɗe ta shi kaɗai, ya sa a burgami ya rataya min. Har gida ina jin ɗuminta a bayana.

Ba zan ƙara ba. Na rantse a raina tun a kan babur.

Lahadi, 14 ga Maris

Kubra ta yi romo tun da safe. Na tallafi Baba na ba shi. Cokali biyar ya sha, sai ya riƙe min hannu da hannunsa mai lafiya.

"Ina?"

Na ce rafin kalgo.

"Iska?"

Na ce daga gabas.

"Ina ka same ta?"

Na nuna cinyata. Ya tsuke baki. "Gaggawa. Bayan kafaɗa ake nufa. Ka wahalar da ita." Daga nan ya ɓarke da magana, rabi ina ganewa rabi ba na ganewa, kan yadda ake jira ta sunkuya shan ruwa, da yadda ake riƙe numfashi. Yawu na zuba ina goge masa. Tun damina bai haɗa kalma biyar a jere ba. Kubra ta tsaya bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta kasa tafiya.

Ni ban iya cin naman ba. Ko warinsa.

Talata, 16 ga Maris

Ya ci tuwo rabin malmala. Ya sa na fito da shi inuwar darbejiya, yana zana min sawu a ƙasa da tsinke: wannan na gada, wannan na barewa, wannan na akuyar Fulani da ke ruɗin sabon shiga. In na kuskure ya buge min yatsa da tsinken. Na makara wurin aiki da awa ɗaya.

Alhamis, 18 ga Maris

Kukan nan bai bar kunnena ba. Da a bayan kafaɗa na same ta, da ba ta yi shi ba. Abin da ke ta yi min yawo a kai ke nan, har ina ba wata tsohuwa magani na tsinci kaina ina riƙe numfashi.

Baffa ya biyo da la'asar, wai jibi zai koma, ya ga sawun babban namijin gada a rafin. Na ce masa Allah ya ba da sa'a, ni na gama. Ya ce to, ya sha ruwa ya tafi. Baba na jinmu.

Na dai roƙi Hawwa ta karɓar min aikin Asabar. Ba don komai ba. Ko wani abu zai taso.