Kan Yaya Ashafa

Illela, Litinin

Baban Shahida,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Ya karatu, ya sanyin can? Shahida lafiya lau, sai ƙiriniya. Inna tana gaishe ka.

Na zo gida ne ba don hutu ba. Ka san aikina a kan na'urar MRI, auna yadda ruwa ke yawo a cikin ƙwaƙwalwa. Tsohon tsari awo ne barkatai, a tura ruwan da ƙarfi iri-iri ta fuskoki da yawa, har mara lafiya ya gaji ya motsa hoto ya lalace. Ni kuwa na zaɓi awo 'yan kaɗan, waɗanda lissafi ya nuna sun fi faɗin gaskiya. To, ana bukatar masu lafiya a gwada, sai ga yayana Ashafa ya kawo albasa Sakkwato, inda na'urar take. Na lallaɓa shi ya shiga, yana ta tsiya wai a duba masa ko akwai hankali a ciki.

A gefen hagu na kansa akwai wurin da ruwan ya takure. Ko dai tsarina ne ya yi ƙarya saboda ƙarancin awo, ko kuwa wani abu ke tsirowa. Ina tsoro ƙwarai, ko abinci ba ya shiga.

Taka,
Iklima

Illela, Juma'a

Baban Shahida,

Ina fatan kana lafiya. Mu ma da sauƙi.

Yaya ya ba ni wahala. Ya ce shi da sake shiga ramin na'urar nan har abada, ƙararsa ta fi ta injin niƙa, ga kaya na jiransa a Konni. Ban faɗa masa dalili ba, na ce aikina ne zai rushe in bai koma ba. Nan take ya sauko, ka san shi a kaina.

Wannan karon zan haɗa tsohon tsarin da nawa, in maimaita awon a daidai wurin, don kada kuskure ya sami maɓoya. Matarsa Asta ta ce kwanan nan yana yawan riƙe kai da safe. Da ma ban tambaye ta ba.

Shekara da shekaru kana ji ina roƙon Allah aikin nan ya yi daidai. Yanzu roƙona a ce ni ce ban iya ba. Ka taya ni.

Taka,
Iklima

Illela, Laraba

Baban Shahida,

Bayan gaisuwa, Allah ya sa kana cikin ƙoshin lafiya.

Mun je mun dawo. Ya kwanta ko yatsa bai motsa ba, don kada ya ɓata mini aiki. Tsohon tsari da nawa bakinsu ɗaya. Likita ta duba, ta ce ƙari ne, a hanzarta.

A mota ya tambaye ni ko gwajin ya yi. Na ce ya yi. Kafin in ƙara kalma ya kama kiran abokansa. Yanzu haka yana bakin kasuwa yana raba goro, yana faɗa wa kowa cewa aikin ƙanwarsa ya ci, kuma da kansa aka tabbatar.

Don Allah ka nemi izini ka taho. Bakina ya kasa faɗa masa ni kaɗai.

Matarka,
Iklima