Na Je Jaje, Na Dawo 'Yar Jam'iyya

Gwaggo Hassia, don girman Allah ki agaza mini da shawara tun bakina bai ja mini abin da ba zai gyaru ba. Ina gaishe ki, ina gaida masu karanta filin nan naki. Kada ki sa sunana, ko da yake ɓoyon ma na banza ne, tunda hotona ya riga ya zaga wayoyin 'yan kasuwarmu na Barbès.

Ni 'yar Damagaram ce, ina karatun doktora kan ruwan sha a Villeurbanne, nan gefen Lyon. Wanda ya kawo ni Faransa Baffana ne, Alhaji Saley, ƙanin mahaifina. Yana da shagon atamfa da abaya a unguwar Barbès ta Paris, gidansa na Bobigny a gefen birnin, kuma yawancin kayansa daga Istanbul yake ɗauko su. Ba zan ɓoye alherinsa ba. Shi ya tsaya mini a kan takardu, a ɗakin 'ya'yansa na yi shekarata ta farko, kuma da yake mahaifina ya rasu, shi ne waliyyina a aurena da aka sa bayan Babbar Sallah.

A ɗakin bincikenmu akwai wata Zozan, Bakurdiya ce daga Turkiyya, teburinta na manne da nawa. Hunturun da zazzaɓi ya kayar da ni, 'yan ƙasarmu duk ta waya suka yi mini sannu. Ita ce ta riƙa hawo tram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, da tukunyar miyar waken ƙasarsu, ta zauna a bakin gadona tana yi mini faɗa sai na shanye. Daga nan muka zama kamar ciki ɗaya.

Mahaifiyar Zozan tsohuwar malamar makaranta ce. Mutanen wani ƙaramin gari suka zaɓe ta magajiyar gari a ƙarƙashin jam'iyyar da ke kare haƙƙin Kurdawa. Ko shekara ba ta cika a kujera ba aka tuɓe ta, aka aiko wani ma'aikaci daga sama wanda ko ƙuri'ar maƙwabcinsa bai samu a garin ba, aka ce shi ne mai gari. Bayan nan aka zo aka kama ta. Gwaggo, da kin ji laifuffukan da aka jera mata da kin yi dariya, in ba kuka ya riga ba. Wai ta yi jawabi da harshenta ranar bikin sabuwar shekararsu. Wai tana yawan kiran ofishin jam'iyyarta, jam'iyyar da sunanta ke kan takardar zaɓen da gwamnati ta buga da kanta. Wai ta je ta'aziyyar wani saurayi ɗan garin. Mace mai hawan jini da ciwon gwiwa, ita ce ta hana ƙasa mai jiragen yaƙi barci! Ita ma jam'iyyar kullum tana gaban alƙali ana neman rufe ta, ta sake suna har Zozan kanta sai ta ɗan tsaya kafin ta tuna na yanzu.

Da abin ya faru Zozan ta daina cin abinci. Sai ta gaya mini ran Lahadi mutanensu za su taru a zauren ƙungiyarsu, wajen unguwar Guillotière ta Lyon, saboda mahaifiyarta. To ni me na sani? A gidanmu in an kama wani ko gobara ta ci wani, jaje ake zuwa, kuma ba a zuwa hannu sake. Na tashi da sassafe na turara dambu da zogale, na cika kula, na haɗa da dabino. Na ga ba zan shiga cikin iyayen mutane da wandon zuwa makaranta ba, sai na ɗauko atamfar da Baffa da kansa ya ba ni ta Sallah, mai kore da ja da ruwan ɗorawa, na ɗaura har da ɗankwali.

Ina shiga na ga ba tabarma, ba 'yan zaman shiru. Kujeru ne jere, ga lasifika, ga ƙyallaye masu rubutun da ban iya karantawa ba. Tsofaffin matan nan suna hango ni sai guɗa ta tashi. Suka rungume ni, wata tana sumbatar goshina tana hawaye, suka ja ni har layin gaba suka zaunar da ni tsakiyarsu, kula a cinyata. Ina ta murmushi ina cewa a raina, kai, mutanen nan sun iya karɓar baƙo. Sai da aka watse Zozan ta gaya mini, tana dariya tana share ido, ashe kore da ja da ruwan ɗorawa launukansu ne, waɗanda a can wani lokaci ɗankwali mai su kaɗai kan ja wa mutum tambaya. Ni kuma na zo da su tun daga kai har ƙafa. Kafin dare hotona ya cika shafukansu.

Wanda Baffa ke sarin kaya a wurinsa a Istanbul ya san fuskata, don ya taɓa zuwa shago na yi musu tafinta. Shi ya turo wa Baffa hoton. Baffa ya kira ni, ko ina kwana babu. Ya ce na kashe shi, na tona masa asiri, wai yanzu ko a filin jirgi ana iya juyo da shi, mutumin kuma ya fara ja da baya kan kayan Sallah. Ya ce magani ɗaya ne: in sa baƙar abaya, in zauna gaban waya, in faɗa da Faransanci cewa yaudarata aka yi, ban san mutanen nan ba, kuma ina Allah wadai da su. In sa a shafina, shi kuma ya tura Istanbul. Ya rantse in ban yi ba, in nemi wani waliyyin.

Gwaggo, wallahi tun ranar na kasa ganin girmansa, kuma abin yana cina. Wannan fa shi ne in an sauko Juma'a yake zama bakin shago yana yanka siyasar duniya kamar kilishi, yana bugun ƙirji cewa shi ba ya tsoron faɗa wa kowa gaskiya. Ashe duk zakin nan hoto ɗaya ya ishe shi! Atamfar ma a shagonsa take jibge, ya sayar wa rabin matan Bobigny, bai taɓa tambayar launinta ba sai yau. Wanda zan aura shi ma ya bi layi, wai in yi kawai a wuce wurin, wa zai gani? Wayoyin da suka kai hotona Istanbul cikin yini ɗaya, su ne za su rasa hanyar teburin da ke manne da nawa?

Ga abin da ya fi tsaya mini a wuya. Lauyan mahaifiyar Zozan ya ba tsohuwar labarin hoton ranar da ya je ganinta. Ya ce tunda aka kama ta bai ga haƙoranta ba sai ranar. Wai ta tambaya mene ne a cikin kular, ta ce a gaya wa 'yar nan in ta fito tana son ta ɗanɗana. Wata mai zuwa za a yanke mata hukunci, kuma Zozan ta roƙe ni in zauna da ita a ɗakinta ranar, don kada labarin ya same ta ita kaɗai.

In na yi bidiyon, da wane ido zan dubi Zozan? In na ƙi, na watsa wa ƙanin ubana ƙasa a ido, aurena kuma ya tsaya. Ni ba 'yar siyasa ba ce, Gwaggo, dambu kawai na kai. Yaya zan yi?

Taki,
Mai Kula a Cinya, Villeurbanne

*

'Yata Mai Kula,

Na karanta, na yi dariya a wurin atamfa, na daina a wurin bidiyo. Amsar wannan gajera ce: kada ki yi shi.

Ba don jam'iyyar kowa na ce haka ba. Rikicin ƙasar su Zozan ya girme ki, ya girme ni, an zubar da jini a cikinsa ta ɓangare fiye da ɗaya, kuma ba daga Lyon za mu raba shi ba. Dalilina shi ne abin da ake so ki faɗa ƙarya ce. Kin san Zozan, kin sha miyarta a kan gadon ciwo, kuma ba wanda ya yaudare ki. Jahilcin launi ne ya kai ki layin gaba. Ƙaryar da aka ɗauka a waya kuwa ba ta tsufa, jikokinki ma sai sun gani.

Ki lura da wani abu. A yadda kika ba da labari, cikin laifuffukan tsohuwar har da zuwa ta'aziyya. Ke kuma ga shi ana so ki tuba daga zuwa jaje. Hukumar da ke buga takardar zaɓe, ta kira mutane su jefa, sannan in sun jefa inda ba ta so ta aiko ɗan saƙonta ya hau kujera, ba ta da abin da zan girmama ta da shi. Irin wannan ba ta buƙatar 'yan sanda a Paris. Ta tsorata mai ba Baffanki kaya, shi ya tsorata Baffanki, Baffanki ya tsorata ki, ke kuma ki juya wa ƙawarki baya kyauta. Kada ki zama ma'aikaciyarsu ta ƙarshe wadda ko albashi ba a ba ta.

Yanzu in juyo kanki. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma haka kika yi. Baffanki bai kulle uwar kowa ba. Tsoronsa ma ba na banza ba ne: ke kina da makaranta a bayanki, shi shago ne kawai, kuma bakuna nawa ke ci daga shagon nan a Damagaram kin fi ni sani. Cika bakin bayan Juma'a kuwa, in za a raina maza a kansa da sauran mai girma bai rage a Barbès ba. Ya yi kuskure babba da ya ɗora walicci a kan sikeli ɗaya da kayan Sallah, domin walicci amanar ɗan'uwansa ce da ke kabari, ba sanda ba ce. Amma ba daga bakinki ya kamata ya ji wannan ba.

Ki ajiye waya, ki hau jirgin ƙasa ki tafi Bobigny. Ki durƙusa ki gaishe shi yadda aka koya miki, ki ba shi haƙuri kan tashin hankalin da kika ja masa ba da niyya ba, don wannan kam kin ja. Sannan ki ba shi gaskiyar da zai iya kaiwa Istanbul da bakinsa: 'yata ta je jajen ƙawarta da abinci kamar yadda ake yi a ƙasarmu, ba ta da katin jam'iyyar kowa, zanen kuma daga shagona ya fito. Duk wannan gaskiya ne, ba a zagi kowa a ciki ba. In mai ba shi kayan ya ce bai isa ba, to dama dalili yake nema, kuma Istanbul ba shagonsa kaɗai ke cikinta ba. Ki tafi da wani dattijo da Baffa ke jin kunyarsa, ki kuma sanar da mahaifiyarki tun yanzu. Rantsuwar fushi tana da kaffara, kuma ina kyautata zaton ran ɗaurin aure shi zai riga kowa zama a sahun gaba.

Daga yau kuma kada ki sake zama ƙarƙashin ƙyallen da ba ki san abin da aka rubuta a kansa ba. Ki tambayi Zozan taron mene ne, na wa ne, za a ɗauki hoto ko a'a. Baƙuwa ce ke a ƙasar nan, takardunki sabuntawa ake yi, kuma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Wanda za ki aura kuwa, ki tambaye shi a natse: ranar da aka matsa masa a kanki, shi ma wucewa wurin zai yi? Ki saurari amsarsa da kyau.

Ranar hukunci ki je ɗakin Zozan. Ba lasifika a can, ba mai hoto, sai yarinyar da ke jiran jin ko za ta sake ganin uwarta a waje. Ki sa abin da kika ga dama, ki cika kular nan da dambu. In labari ya zo da daɗi ku ci tare. In ya zo da ɗaci ki zauna a bakin gadonta ki yi mata faɗa sai ta cinye, kamar yadda ta yi miki.

Allah ya sassauta zuciyar Baffanki, ya sa a ɗaura aurenki lafiya a hannunsa. Ita kuma tsohuwa, Allah ya fito da ita da sauran haƙoran cin dambu.

Gwaggonki,
Hassia