Sun Manna Mutuwarka a Ƙofata

Lipov Dol, farkon Oktoba

Zuwa ga abokina Strahil Manolov, a Varna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da 'yarka Nevena da jikoki. Na san ba mu saba rubuta wa juna komai ba sai katin sabuwar shekara, amma tunda kunnenka ya daina shiri da waya, dole na ɗauki alƙalami. Ina sanar da kai cewa ka mutu.

Bara Gergana, jikar ƙanwar marigayiya matata, ta zo tana tambayata labarin yarintarmu. Na ba ta duk abin da na tuna: satar tuffa a lambun coci, wanka a kogi a gindin injin niƙa, da ranar da babbar mota ta kwashe ku zuwa Varna, ina binta da gudu har bayan gada. Ashe fim za ta yi. Ranar Asabar aka nuna shi a zauren karatu na gari, da sunayenmu ƙuru-ƙuru. Sai dai a fim ɗin ba mota ce ta ɗauke ka ba, kogi ne ya cinye ka. Kai da ka koya wa rabin yaran garin nan iyo!

Da ka ga 'yan kallo da ka yi takaici. Tsvetko mai gyaran tarakta ya miƙe ana tsakiyar kallo yana cewa, "Wannan ba koginmu ba ne, namu ko agwagwa ba zai nutsar ba!" Aka ce ya zauna, wani ya ce akuyar da ke cikin fim ɗin ma ba irin tamu ba ce. Mata kuwa kuka suke yi kamar an kawo gawa. Parashkeva, matar marigayi mai gidan burodi, ita ce shugabarsu, tana ta "Wayyo, ɗan yaro, wayyo!"

Da aka kunna fitila duk suka juyo kaina. Na ce, "Jama'a, mutumin nan yana da ransa, yana Varna yana cin kifi." Parashkeva ta dafa kafaɗata ta dubi sauran ta ce, "Kun ji ko? Har yau bai haƙura ba, bawan Allah."

Na tare Gergana a bakin ƙofa na ce me ya sa ta yi haka. Ta ce, "Kaka, tafiya a mota ba ta sa mutum kuka." Na ce ni dai ta sa ni.

Waɗanda suka san ka duk suna maƙabarta. Masu kukan nan ba a haife su ba lokacin da ka tafi. Ka rubuto wani abu da zan nuna musu.

Ka huta lafiya.
Naka, Zahari Bakalov

*

Varna

Zaharo, tsohon rigima,

Gaisuwa. Na yi dariya har Nevena ta kawo mini ruwa. Tambaya ɗaya gare ni: yaron da ya fito a matsayina kyakkyawa ne? In mummuna suka sa, to wannan ne abin kai ƙara.

Ga shaida: ni Strahil, ina da rai, ƙafafuna ne kawai suka riga ni tafiya. Ka nuna musu. Ka kuma daina tayar da hankalinka, nan da mako guda za su koma zancen tsadar itace.

Marigayi abokinka,
Strahil

*

Lipov Dol, tsakiyar Oktoba

Zuwa ga Strahil,

Bayan gaisuwa. Na gode da wasa, amma ka ƙara ɓata lamarin. Na kai takardarka kantin gari na karanta musu. Parashkeva ta karɓa ta sa tabarau, ta ce, "Kawu Zahari, ai wannan rubutunka ne." Na ce malami ɗaya ya koya mana rubutu da sanda ɗaya, dole ya yi kama. Ta nuna inda ka sa "marigayi", ta ce, "To, ga shi ma ka rubuta gaskiya da hannunka." Sai ta ba ni alewa.

Yanzu ga abin da ya biyo baya. Sun zauna sun yi lissafi cewa yaron nan ya nutse ba a taɓa manna masa takardar mutuwa ba, ba a dafa masa alkamar sadakar mamaci ba, ransa yana yawo da yunwa tun kafin a kawo lantarki garin nan. Suka ciro hotonka daga tsohon hoton makaranta, wanda kunnuwanka suka fito kamar na tulu, suka buga takarda da baƙin zane a gefe. Akwai ɗaya a ƙofar coci, ɗaya a jikin bishiyar dandali, ɗaya a tashar bas. Tunda gidanku ya rushe, ta huɗun suka manna a ƙofar gidana, suka ɗaura baƙin ƙyalle. An rubuta, "Daga abokinsa Zahari, wanda bai manta ba." Ko tambayata ba a yi ba.

Na je wurin Fada Serafim. Yaro ne, kwanan nan aka turo shi, shi ma ya yi kuka a fim ɗin. Ya ce babu sunanka a cikin matattun coci, amma a zamanin nan da yawa ba a rubuta ba, kuma addu'a ba ta cutar da kowa. Na ce, "Fada, mai rai za ka yi wa addu'ar matattu?" Ya ce, "Kawu, ka sha maganinka yau?"

Sun sa rana, Asabar ɗin tunawa da matattu a Nuwamba. Tunda ba ka da kabari, bakin kogi za su je, su zuba giyar inabi a ruwa, su raba dafaffiyar alkama da sukari, kowa ya ce Allah ya gafarta maka. Ni aka ce zan riƙe kyandir.

Kuma sun hana ni sakat. Tun rasuwar matata ba wanda ke taka ƙofar nan sai mai karanta mita. Yanzu kullum da mai sallama: wannan ta kawo miyar wake, waccan banitsa, gashin fulawa da cuku, mai zafi, Tsvetko ya faskara mini itace yana ci gaba da zagin kogin fim ɗin.

Ka zo su gan ka, Strahil. Ba wata hanya.

Naka, Zahari

*

Varna

Zaharo,

Gaisuwa. Yau ba wasa zan yi ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da na gani shi ne miyar wake, banitsa da itace. Shekara nawa kana cin burodi da shayi kai kaɗai? Strahil mai rai me ya taɓa yi maka ban da kati? Na cikin kogin nan ya cika maka gida da mutane. Ka bar shi ya yi aikinsa.

In na zo na tsaya a gabansu, kunya za ta kama su, kuma ka san mutanenmu, in suka ji kunya kai za su daina gaisarwa. Ga ƙafa ba ta da kirki, Nevena ba ta bari na wuce kwanar titi. Ban kuma san ko ina son ganin ciyawa a inda ɗakin mahaifiyata yake ba.

Ka riƙe kyandir ɗin. Ka ci rabona na alkama.

Strahil

*

Lipov Dol, farkon Nuwamba

Strahil,

Gaisuwa a taƙaice, domin raina a ɓace yake.

Kana tsammani wurina suke zuwa? Wurin yaron fim suke zuwa. Jiya ina ba su labarin ranar da ka tura ni cikin taɓon aladun coci, sai jikar Parashkeva ta ce, "A'a Kaka, Strahil ba zai yi haka ba, shi mai taushin zuciya ne." Suna gyara mini yarintata a cikin ɗakina! In na faɗi abin da babu a fim, sai su dubi juna su ƙara mini miya.

Kullum da safe in na fita, fuskarka ce a ƙofata da baƙin ƙyalle. Na kai hannu zan yage ta ba sau ɗaya ba, hannun ya ƙi. Ka san yadda aka rene mu, takardar mamaci ba a cire ta, ruwan sama ne ke wanke ta. Ni da nake ihu cewa ƙarya ce, na kasa.

Likita ya saurari ƙirjina makon jiya, ya yi shiru irin wanda ba na so. Ban ce sai na ga bazara ba. In na tafi, labarinmu da zai rage a garin nan na Gergana ne, kai ka nutse kana yaro, ni kuma tsoho ne da baƙin ciki ya taɓa wa kai. Ba miya nake nema ba. Ina neman mutum ɗaya da zai zauna a kujerar nan ya ce mini ƙarya nake yi, alhali yana wurin lokacin da abin ya faru. Kai kaɗai ka rage.

In ba za ka zo ba, kada ka aiko kati bana. Ba na karɓar wasiƙa daga matattu.

Zahari

*

Varna

Zaharo,

Nevena ta yi faɗa har ta gaji, yanzu ta tafi shan mai. Muna tafe ranar Asabar da hantsi, kai tsaye bakin kogi. Kada ka gaya wa kowa. Ka bar Parashkeva ta dafa alkamar, ka ce ta cika sukari, mamacin yana son zaƙi.

Takardar ƙofarka kada ka taɓa ta. Mai ita zai cire da hannunsa.

Kuma ƙarya kake yi, ban tura ka cikin taɓon nan ba, santsi ne ya kwashe ka kana gudun Fada na wancan zamani da tuffa a riga. Sauran sai na zauna a kujerar.

Naka, mai rai,
Strahil